Binciken Sana'o'in Kakanni: Darasi daga Ƙasar Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibi a ajin Hausa ya faɗi asalin gidansu, abin da aka fi ji shi ne sunan wani babban gari da sunan wani basarake. Wannan ya ce kakanninsa daga Katsina suka taso bayan sun rasa sarauta, wancan ya ce daga Barno, wani ma ya miƙe har Bagadaza. Da wuya a sami mai cewa kakansa majemi ne, ko maƙeri, ko maharbi mai kwana a dawa. In da za a tattara amsoshin aji guda a duba, sai a ɗauka ƙasar Hausa ba ta taɓa samun talaka ba, kowa ɗan sarki ne da aka yi wa ƙwace. To, wa ya noma dawar da sarakunan suka ci, wa kuma ya ƙera linzamin dawakinsu?

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, hanya mafi inganci ta sanin kakanni ita ce a binciki aikin da suka yi da hannunsu. Salsalar sarauta kowa yana iya ƙaga ta a zaure, amma ramin marina da tulin kashin maƙera a bayan gari ba su iya ƙarya. Ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa shi ya fi cancanta da wannan aiki, tunda kayan aikinsa harshe ne, sana'a kuwa ko ta mutu takan bar kalmominta a bakin mutane. An ɗauki ƙasar Birnin Gwari a matsayin misali saboda a can ne lokaci ya fi ƙurewa.

2.0 Ƙasar da Dajinta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna, a kan tsohuwar hanyar mota da ta bi ta Tegina ta nufi Jebba da Ikko. Ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Duk ɗalibin da ya haddace Banza Bakwai ya san sunan Gwari, sai dai sau da yawa saninsa a nan ya tsaya. Ƙasa ce ta mutane iri-iri. Akwai Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, akwai Kamuku, ga Hausawa, ga Fulani. Akwai Tsohuwar Birnin Gwari, akwai kuma sabon gari a bakin hanya inda fada take a yau, sannan ga garuruwa irin su Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi da Damari.

A shekarar 1936 aka keɓe wani yanki na dajin ƙasar ya zama gandun daji na En'e, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta ɗaga darajarsa ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. A 'yan shekarun nan da an ambaci wannan daji abin da ke faɗowa a zuciyar mai sauraro shi ne 'yan bindiga da garkuwa da mutane. Yaron da aka haifa bayan 2010 bai san dajin da wata fuska ba sai wannan. Alhali kuwa ga kakanninsa daji wurin aiki ne, kamar yadda kasuwa take ga ɗan birni. Maƙeri yana shiga ya ƙona kirya ya sami gawayin da ke riƙe wuta. Masassaƙi ya san icen da ya dace da turmi da wanda ya dace da akushi ko ƙotar gatari. Mata suna tsintar kaɗanya su fitar da man kaɗe, su tara kalwa daga ɗorawa su yi daddawa, ɓawon kuma a yi makuba ta daɓen ɗaki. A bakin rafi ana saran gwangwala daga tukurwa don gado da rufin ɗaki. Mai zuma ya rataya amyarsa a reshe, mai magani yana haƙar saiwa, maharbi yana bin sawu, Bafulatani yana kora shanunsa ta burtali zuwa mashaya. Kowannensu yana da sunayen da yake kiran sassan dajin da su, da lokacin da ya san ana shiga da wanda ba a shiga.

Waɗannan sana'o'i ba su zauna a wuri ɗaya ba, abubuwa da yawa sun jujjuya su. A ƙarshen ƙarni na 19 hare-haren Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora sun tarwatsa garuruwan Gwari da Kamuku, aka kwashi mutane bayi, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora. Bayan an shimfiɗa layin dogo, tarkacen ƙarfen Turawa ya wadata a kasuwa, sai narka tama ya ja da baya har ya ɓace, maƙeri ya koma sayen ƙarfe maimakon fitar da shi daga ƙasa. Yadin kanti ya yi wa masaƙa da marina irin wannan illa. Haƙar zinariya ta kamfanoni, wadda aka fara a Arewa wajajen 1913, ta bunƙasa a shekarun 1930, kuma ƙasar Birnin Gwari tana cikin wuraren da aka yi ta. Ta jawo leburori daga nesa, sannan ta durƙushe lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A tsakanin 1942 da 1944 aka yi ɗiban gwamna, wato kwasar mutane da ƙarfi daga larduna zuwa haƙar kuza a Jos. Dokar gandu ita ma ta taƙaita farauta da saran itace, ta kawo malamin daji. Saboda haka wanda ya ce kakansa maharbi ne bai gama magana ba, sai ya faɗi ko kafin a shata gandu ne ko bayansa, domin aikin da ake yi da kirari a bainar jama'a daban yake da wanda ake yi a sace.

3.0 Kalma Kafin Takarda

Kuskuren farko da mai bincike kan yi shi ne ya tambayi dattijo, "Mece ce sana'ar mahaifinka?" Amsar da zai samu ita ce noma, kuma gaskiya aka faɗa masa, domin da damina kowa manomi ne, har liman da sarkin fawa. Tambayar da ke buɗe ƙofa ita ce, "Idan an gama girbi, me yake yi da rani?" A nan ne za a ji ko zama yake a rumfar saƙa, ko ɗaure jakai yake ya bi ayari, ko kuwa cirani yake tafiya.

Da an sami sunan sana'ar, sai a nemi sunayen kayan aikinta, a bar mai magana ya jero su da kansa ba tare da an sa masa kalma a baki ba. Wannan shi ne ma'aunin da masanin harshe yake da shi wanda ɗan tarihi ba shi da shi. Kowa ya san guduma da wuta, amma wanda ya tashi a gidan ƙira zai ambaci masaba da awartaki da zugazugi da uwar maƙera ba tare da ya tsaya tunani ba, zai kuma bambanta maƙeran baƙi da maƙeran fari. Jikan marini ya san ƙarofi da shuni da katsi da muciya, ya san cewa bayan rini akwai bugu. Tsohuwar da ta ga kaɗi da idonta za ta fara daga gurza auduga a fitar da angurya, ta zo shiɓa, ta ambaci mazari da alli, ta bambanta abawa da siririn zare. Jikan bafatake ya san madugu da jagaba da uban dawaki, ya san zango da kuɗin fito. Idan mutum ya yi iƙirarin gado amma kalmominsa ba su wuce na kowa da kowa ba, to a ɗora alamar tambaya a kan iƙirarin. Idan kuwa ya ce shi bai san komai ba, amma kalmomin suna zubowa daga bakinsa, to an dace da gidan.

Kowace kalma aka samu a rubuta ta da karin sautinta da tsawon wasalinta, sannan a gwada ta da ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham. Wadda aka tarar a ciki an tabbatar da tsufanta. Wadda ba a tarar ba ita ce riba, kuma a ƙasa irin Birnin Gwari dole a tambaya ko daga Gbagyi ko Kamuku ko Fulatanci ta shigo. Sunayen itatuwa da ciyayi da tarkuna da tukwane su ne wuraren da ya kamata a fi kasa kunne, domin baƙo yakan ari sunan abu daga wanda ya tarar yana amfani da shi. Abin takaici ne a ce Bahaushe ya daɗe yana kiran gurɓatacciyar Hausa gwaranci, bai tsaya ya ƙirga abin da shi ya ara daga maƙwabtan nasa ba.

Bayan kayan aiki akwai laƙabi. Maigoro da Maigishiri da Madugu da Magini da Dillali duk sana'o'i ne suka zama sunaye, har jikoki suna ɗauke da su a takardar makaranta ba su san mafarinsu ba. Haka sunayen unguwanni irin su Maƙera da Marina da Majema da Zango, da sarautun sana'a irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Baka da Sarkin Fawa. Wasan barkwanci ma shaida ne. Gidan da ke wasa da Buzaye ba tare da wata dangantakar aure ba, a bincika ko jinin maƙera ne, haka kuma wasan da ke tsakanin mahauta da masunta.

Shaidar da ta fi kowace daɗewa ita ce magani. Sana'a takan mutu ta bar maganinta a gida. Za a tarar da gidan da rabonsa da hura wutar ƙira shekara hamsin, 'ya'yansa direbobi ne da malaman makaranta, amma har gobe idan yaro ya ƙone can ake kai shi. Wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya gidan masunta ake nema masa, wanda maciji ya sara a tuna da gidan maharba. Mai bincike ba likita ba ne, ba a kuma aike shi ya tabbatar da ingancin maganin ba. Abin da ya shafe shi shi ne jama'ar gari ba su manta ko wane ne wane ba, ko da masu gidan sun so a manta.

Sai aikin mata, wanda shi ne aka fi zalunta a irin wannan bincike. Ɗalibi zai cika shafi goma da kakansa namiji, kakarsa kuwa ya ce matar gida ce, alhali da kuɗin kaɗinta da man kaɗenta aka yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki, wani lokaci ma da su aka cike haraji. Wanda ke shakkar abin da tsohuwa ɗaya ke ɗauke da shi ya duba labarin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a Giwa, maƙwabciyar Birnin Gwari ta gabas, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950. Littafin ya fito a 1954, bayan rasuwar Baba a 1951. A cikinsa akwai noma da rini da zaman rinji da cinikin mata, har da yadda mayaƙan Mai Sudan suka kama 'yan uwanta aka fanso su. Da an jinkirta wannan hira da shekara biyu, da duk wannan ya bi ta kabari.

Dattawa ba su cika ƙirga shekara da lamba ba, don haka mai bincike ya tanadi turakun da zai ɗaure labari a kansu: ɗiban gwamna, zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956, rasuwar Sardauna a 1966, canjin hannu a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, da soke haraji da jangali da Gwamna Balarabe Musa ya yi a 1979. Tambayar "kafin canjin kuɗi ne ko bayansa?" ta fi "a wace shekara?" amfani nesa ba kusa ba.

4.0 Takardun Kaduna

Bayan an cika littafi da abin da aka ji, sai a nufi takarda. A Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin larduna, ciki har da na Lardin Zazzau, inda Birnin Gwari ta zauna a matsayin gunduma mai cin gashin kanta, ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Mafi amfani ga wannan aiki su ne rahotannin ƙiyasin haraji, waɗanda Di'o-Di'o suka rubuta bayan rangadi. Sukan ƙirga gidaje da dabbobi da masu sana'a, su ƙiyasta abin da kowace sana'a ke kawowa a shekara. Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, shi ma yana da tarin takardu da kundaye. Littafin Temple na 1919 da na Gunn da Conant na 1960 sun yi bayanin Gwari da Kamuku da sana'o'insu.

Sai dai a karanta su da ido biyu. Wanda ya rubuta su haraji yake nema, wanda aka ƙirga kuwa gudun haraji yake yi, saboda haka masaƙin da ya ji zuwan Bature ya naɗe zarensa ya shiga cikin manoma. Aikin da mace ke yi a cikin gida kuwa Di'o bai gan shi ba balle ya ƙirga. Ɗalibi kada ya sa ran ganin sunan kakansa a fayil. Abin da zai samu shi ne hoton garin da kakan ya rayu a ciki, wanda zai auna labarin gida da shi.

5.0 Masu Cewa a Bar Kaza Cikin Gashinta

Akwai masu ganin wannan bincike tonon silili ne, kuma maganarsu tana da nauyi. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1959 kan matsayi a tsakanin Hausawa, ya nuna yadda ake bambanta karda, wato mai sana'ar gado, da shigege, da kuma yadda ake ɗora wasu sana'o'i a sama a ajiye wasu, kamar fawa da kiɗa, a ƙasa. Har yau akwai gidajen da ake hana aure saboda wannan. Abin da ya fi wannan zafi shi ne bauta. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ma'ana, kakan kakan ɗalibin yau yana iya kasancewa ya yi noma a gandun ubangiji, ko ya biya murgu kafin ya fanshi kansa. A ƙasar da ta sha hare-haren Kwantagora, mai tona tarihin aiki ba makawa zai ci karo da wannan.

Amsar ita ce a gyara yadda ake yin binciken. Malami ba shi da hurumin tsayar da yaro a gaban aji ya ce ya faɗi sana'ar kakansa. Aikin a rubuce za a yi shi, da yardar masu gida, kuma abin da dattijo ya ce a rufe a rufe shi. Inda ya kamata a sakaya suna a sakaya. Amma barin binciken baki ɗaya ba ya kawar da raini, ƙara masa ƙarfi yake yi, domin yana tabbatar wa yaro cewa aikin kakansa abin kunya ne. Al'ummar da ta san Annabi Dawuda ya sarrafa ƙarfe, Manzon Allah (SAW) kuma ya yi kiwo da fatauci, ba ta da hujjar raina mai guduma ko mai sanda. Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, a gida ta koyi ginin tukwane irin na iyaye mata, ga hotonta nan a jikin naira ashirin.

Wasu kuma tambayarsu ita ce, me wannan zai tsinana wa malamin firamare? Na farko, zai ba shi kalmomi. Darasin sana'o'in gargajiya da ake koyarwa daga littafin da aka rubuta da Hausar Kano bai kai wanda aka gina da kalmomin garin da makarantar take ba. Na biyu ya fi wannan girma. A aji ɗaya a Birnin Gwari za a iya samun ɗan manomi da ɗan makiyayi, kowanne ya taso yana jin ɗayan abokin gaba ne. Idan kowannensu ya tambayi kakarsa, abu ne mai yiwuwa su dawo da labari guda: shanu suna sauka a gona bayan girbi su ci kara su bar taki, ana musayar nono da hatsi, maƙeri ɗaya ne ke yi wa wannan fartanya ya yi wa wancan wuƙa. Za su kuma ji labarin ɓarna da shari'a da biyan diyya, domin zaman bai taɓa rasa saɓani ba. Wannan ba zai dawo da wanda aka kashe ba, amma yaro zai ji daga bakin da ya yarda da shi cewa an taɓa zama a wani hali daban.

6.0 Ƙurewar Lokaci

Shekarun tashin hankali sun yi wa wannan ilimi ɓarnar da ba a ƙirga ta cikin asara. A watan Mayu na 2018 harin da aka kai ƙauyen Gwaska kaɗai ya ci rayuka fiye da 40. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suka koma cikin garin Birnin Gwari, wasu Kaduna, wasu Funtuwa da Zariya. Mai gudun tsira da rai ba ya ɗaukar uwar maƙera ko tsohon mazari. Dattijon da aka raba da kufan garinsu kuma ba shi da abin da zai nuna ya ce nan ne marinar take. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin jihar ta ƙulla sulhu da wasu masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Ko yaya al'amura suka kasance bayan haka, wanda ya ga ɗiban gwamna da wayonsa yau ya kusa shekara 90 ko ma ya haura.

Babu malamin kirki da zai tura ɗalibi cikin daji neman kufai saboda maki, kuma ba a buƙatar hakan. Gudun hijira ya kawo dattawan kusa, suna zaune a gidajen 'ya'yansu ba aikin fari ba na baƙi, da yawansu suna marmarin wanda zai tambaye su. A je musu da goro da ladabi, a nemi izini kafin a kunna rikoda ko waya, ɗaliba mace ta shiga wurin tsofaffin mata inda namiji ba zai shiga ba. A koma sau biyu ko uku, domin zama na farko gaisuwa ce da gwajin hankalin baƙo. A roƙi dattijo ya zana taswirar garinsu a ƙasa da tsinke, ya nuna inda maƙera take da inda burtali ya bi, a kwafe ta a takarda. Wajen juya magana zuwa rubutu a bar wa mai magana karin harshensa, kada a mayar da shi daidaitacciyar Hausa, domin abin da aka goge da sunan gyara shi ne wani mai nazari zai zo nema. Idan an kammala a yi kwafi uku, ɗaya ga Sashen Hausa tare da muryar da aka ɗauka, ɗaya ga ɗalibi, na ukun kuma a mayar wa gidan da aka yi hira da su, a karanta musu shi da babbar murya don su gyara inda aka kuskure.